Lise Tana da Ma'auninta: Dokokin Karatu Daga Sagwand Zuwa Bak

Jawabin da ɗaya daga cikin yayyen ƙungiya, malamin lise, ya gabatar wa ɗalibai a zaman safe na ranar biki



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Malamanmu da iyayenmu da ke zaune nan gaba, Allah ya ƙara girma. Shugaban ƙungiya da ƴan kwamiti, sannunku da ɗawainiya. Ƙannena maza da mata, da ku nake yau, musamman waɗanda suka samu BEPC bana za su shiga sagwand, da waɗanda ke cikin lise yanzu.

Kwamiti ya ce in yi magana a kan karatu. Da na so, sai in tsaya nan in ce muku ku dage, ku yi haƙuri, ilimi haske ne, a tafa a watse. Wannan kun sha jin sa, kuma gaskiya ne. Amma abin da ya dame ni daban ne. Kowace shekara, idan majalisar malamai ta zauna, ana karanta sunayen yara masu ƙwaƙwalwa a cikin waɗanda za su maimaita aji ko waɗanda za a kora. Wasunsu ma sun haddace izu da yawa a makarantar allo, kuma wanda ya iya wannan ba za a ce kansa ba ya ɗauka ba. Abin da ya kayar da su shi ne sun shekara cikin gida ba su san dokar gidan ba. Sun zuba ƙarfinsu inda ba ya da nauyi, sun yi sakaci inda ake auna su. Don haka yau lissafi za mu yi. Mai bik da takarda ya fiddo.

Mu tuna hanyar tukuna. Shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, daga sizyem zuwa turwaziyem, sai BEPC. Daga nan shekara 3 a lise: sagwand, firamiyer, tarminal, sai bak. Shekara 13 ke nan ga wanda bai taɓa maimaita aji ba. Babban aikin lise shi ne ta shirya ka shiga jami'a, kuma bak ce mabuɗin ƙofar, ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kake so, ko ta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, ko ta Andre Salifu a Damagaram, ko ta Jibo Hamani a Tawa, ko Jami'ar Musulunci ta Sayi. Manhajar kuwa ta ƙasa ce baki ɗaya. Ɗan Lise Ɗan Baskore da ɗan Lise Amadu Kuran Daga, da na Agabba, da na Isa Korombe, da wanda ke wata ƴar lise a bayan gari, in dai serinsu ɗaya, tambaya ɗaya za a miƙa musu, rana ɗaya. Wanda zai duba takardarka bai san sunanka ba, bai san ɗan wane ne kai ba, lamba kawai yake gani. Ma'auni ɗaya ne ga kowa. To, mu san ma'aunin.

Kwafisan: tiya ko buhu?

Duk kun san ana ba da maki bisa 20, kuma 10 ita ce iyaka. Abin da da yawa ba su kula da shi ba, maki ɗaya na wannan fanni da maki ɗaya na wancan ba nauyinsu ɗaya ba. Ku da kuka tashi kusa da kasuwar hatsi, idan mutum ya ce muku ya samu "guda ɗaya", ai sai kun tambaye shi: tiya ɗaya ko buhu ɗaya? Kwafisan shi ne amsar wannan tambaya. Shi ke faɗa maka sau nawa za a ninka makinka a kowane fanni kafin a haɗa jimla.

Ga misali, da lambobin da na zaɓa don lissafin ya yi sauƙi. A ce fanni uku ne kawai: lissafi mai kwafisan 5, Faransanci mai 3, tarihi mai 2. Jimlar kwafisan 10 ke nan. Ɗalibi na farko ya samu 6 a lissafi, 11 a Faransanci, 17 a tarihi. Na biyu ya samu 13 a lissafi, 11 a Faransanci, 8 a tarihi. In ka tara makin haka kawai, na farko yana da 34, na biyu yana da 32. Na farko zai koma gida yana murna, har da nuna wa tsohuwarsa takardar da aka rubuta 17. To mu ninka. Na farko: 30, da 33, da 34, jimla 97, a raba da 10, mwayen ɗinsa 9,7. Na biyu: 65, da 33, da 16, jimla 114, mwayen ɗinsa 11,4. Mai 32 ya wuce, mai 34 ya zauna.

Ba mu gama ba. A ce na farkon nan ya ƙara himma, ya kwana bisa tarihi, ya tashi daga 17 zuwa 18. Jimlarsa ta koma 99, wato 9,9. Har yanzu bai kai ba. Da ya sa wannan himmar a lissafi, ya tashi daga 6 zuwa 7, jimlarsa 102 ce, wato 10,2, ya wuce. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli zai faɗa muku, fitar da yaro daga 6 zuwa 7 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan fitar da shi daga 17 zuwa 18.

Me ya sa ake faɗawa wannan rami? Rai yana son abin da ya iya. In ka zauna da dare, hannunka da kansa zai tafi wajen kayen da ke maka daɗi, na fannin da ke ba ka tsoro kuwa yana can ƙasan jaka har ranar kwamfo. Maganin abin ba wuya. Kwafisan na gaskiya na ajinka suna rubuce a biltan ɗinka, a layin da ba ka kallo. Ka kwafe su a shafin farko na kayenka, ka raba awoyin karatunka na mako bisa nauyinsu. Fannin da ya fi nauyi kuma ka fi rauni a cikinsa, shi za ka ba lokacin da kanka ya fi sakewa, bayan asuba misali.

Ban ce a raina ƙananan fannoni ba. Wanda ke tsaye bakin iyaka, sau da yawa su ke tsallakar da shi. Har wasannin motsa jiki suna da makinsu, a biltan da a jarrabawa, kuma wanda ba ya iyawa saboda rashin lafiya takardar likita ake nema gare shi, ba a karɓar maganar baki.

Sifiri

Makin kowane fanni a zango daga gida biyu ake haɗa shi: makin aji, wato antaro da dabuwar, da kuma makin kwamfo ta ƙarshen zango. Ma'anar wannan ita ce ana auna ka tun makonnin farko na shekara, lokacin da kake ganin ba a fara komai ba. Antaro ma ba lalle a sanar da kai ba, mushe yana iya shigowa ya ce a rufe kaye a fiddo takarda.

Doka kuma ta ce wanda bai zo ba, ba tare da hujja ba, sifiri ne. Ku dubi abin da sifiri guda yake yi. Ɗaliba ta samu 12 a dabuwar ta farko, 12 a ta biyu, ta uku ba ta zo ba saboda bikin ƙawarta. Jimla 24, a raba da 3, ta dawo 8. Da ta zo ta zauna, ko da 6 ta samu, tana da 10. In aka yi ta huɗu kuwa, sai ta samu 16 kafin ta koma 10. Wuni ɗaya na biki, an biya shi da wata biyu na wahala, kuma in fannin mai kwafisan 5 ne, asarar ma sai an ninka ta sau 5. Saboda haka ko ba ka shirya ba, ka zo ka zauna, ka rubuta abin da ka sani. Farar takarda ce kaɗai ba a iya ba ta komai.

In rashin lafiya ne ko rasuwa, akwai hanya. A kai wa sirbeyan takardar likita, ko uba ko mai masauki ya taka da ƙafarsa ya yi bayani, tun abin yana da ɗumi. Zuwa da kai ya fi aike. Hujjar da aka kawo bayan an cika biltan ba ta da amfani. Ku kuma sani ana rubuta awoyin rashin zuwa da na makara, suna taɓa makin ɗa'a, kuma suna gaban malamai ranar da za su yanke hukunci a kanku.

A nan ina roƙon iyayenmu, da girmamawa. Komawa makaranta tana haɗuwa da kaka, kuma mun san hannun yaro yana da amfani a gona lokacin girbi. Amma yaron da aka riƙe mako uku yana ɗaurin damma, zai tarar an yi nisa a darussan da sauran shekarar za ta hau kansu, wataƙila har da sifiri biyu na jiran sa. In da hali, a sake shi ranar da aka koma.

Ranar da majalisa ke zama

A ƙarshen kowane zango malaman aji suna zama tare da furobizar da sansar da sirbeyan, a bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda ake yaba wa, a sa su a allon girmamawa, akwai waɗanda ake yi wa gargaɗi saboda aiki ko saboda hali. Wanda ya ga gargaɗi a biltan ɗin zangon farko, kada ya ɓoye shi ƙarƙashin katifa. Ƙararrawa ce aka buga masa tun akwai sauran lokaci. Ya ɗauki biltan ɗin ya sami malamin fannin, ya ce: "Mushe, ina ne nake faɗuwa?" Matambayi ba ya ɓata, kuma ban san malamin da zai ƙi amsa wannan tambaya ba.

A ƙarshen shekara hukunci uku ne: a wuce, a maimaita, ko a kora. Wasu suna ɗaukar maimaita aji kamar hutu, suna cewa baɗi ma rana ce. Ku yi hattara. A makarantar gwamnati ba a zama aji guda sau uku, wanda ya maimaita bai samu ba ƙofa ce ta rage masa. Wanda mwayen ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai ma ana iya sallamar sa ba tare da an ba shi damar maimaitawa ba. Daga nan sai makarantar kuɗi, in gida na da hali, ko kuma ya zauna bak da kansa ba tare da aji ba, abin da ba kowa ke iya ɗauka ba.

Akwai kuma abin da ba ya tsayawa ya jira kowa, wato shekarun da ke takardar haihuwarka. Hukumar ANAB mai ba da tallafin karatu tana duban makin bak, tana duban shekaru. Gasar shiga manyan makarantu da ta ɗaukar aiki su ma suna da iyakar shekaru. Shekarar da ka zubar a sagwand kana ɗan 16, ba za ka ji zafinta ba sai ranar da ka tsaya da bak a hannu aka ce maka shekarunka sun wuce.

Zaɓen seri

Tun daga sagwand hanya take rabuwa: A ta ɓangaren adabi da harsuna, C ta ɓangaren kimiyya. A firamiyer ɓangaren kimiyya ya sake rabuwa biyu: C, inda lissafi da fizik suka fi nauyi, da D, inda ilimin halittu ya samu babban gurbi tare da su. Akwai kuma serin fasaha da na kasuwanci, irin waɗanda ake yi a Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi. Malamai suna duban makinka kafin su tura ka, amma kai ma kana da ta cewa, kuma ya kamata ka faɗe ta da sani.

Sanin kuwa shi ne kowace seri tana buɗe wasu ƙofofi, tana rufe wasu. Mai son likitanci, ko aikin gona na jami'a, ko injiniyanci a makarantar EMIG ta Yamai, bak ta kimiyya ake nema gare shi. Mai son shari'a, ko harsuna, ko tarihi, ko aikin jarida, A hanyarsa ce. Sauka daga C zuwa A yana yiwuwa, hawa daga A zuwa C kuwa da wuya ƙwarai, don lissafin da aka wuce ka ba ya dawowa. Wato yarinyar da ta ce tana son ta zama likita, a sagwand take yanke wannan shawara, tana ƴar shekara 15 ko 16, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Kuskure biyu ake yi. Na farko, gudun C saboda tsoro. Ajin C a lise da yawa ba ya cika, alhali akwai masu iyawa da suka bi abokai zuwa wani wuri. Ku tuna wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa: Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik da ya ba da rayuwarsa ga binciken amfani da hasken rana har rasuwarsa a 1991. Ƙasar da ta haife shi ita ta haife ku, ranar da ya yi bincike a kanta ita ce ke dukan mu yanzu. Kuskure na biyu, ɗaukar A a matsayin wurin hutawa. Wanda ya shiga A don gudun lissafi zai tarar da filozofi da Faransanci na jiran sa da kwafisan masu nauyi, kuma ba a cin su da hadda. Sai mai karanta littattafai, mai iya tsara hujja a rubuce, shafi bayan shafi. Ka zaɓi seri bisa abin da biltan ɗinka ke nunawa da aikin da kake hange. Abokinka na fada ba zai zauna maka jarrabawa ba.

Shekarar gajera ce

Ku ɗauki kalanda ku ƙidaya. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu wata 8 ne. Ku cire hutu, ku cire ranakun salla, ku cire kwanakin kwamfo. In aka yi yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, ku cire su ma. Mai tsara tambayoyin bak manhaja yake dubawa, ba ya tambayar ko ajinku ya gama ta. Don haka kowane ɗan tarminal ya nemi jerin darussan shekara tun farko, ya riƙa yi wa wanda aka yi alama. Abin da ya ga ba za a kai ba, ya nemi kayen wata lise, ko yayansa na jami'a, ko rukunin abokan karatu.

Watannin sanyi su ne jarinku. Wanda ya bar bita sai Afrilu da Mayu, zai yi ta cikin zafin bazara, ga ɗaukewar wuta, ga gajiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Azumi kuma yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, saboda haka tun Oktoba kana iya sanin ko zai haɗu da dabuwar ko da kwamfo. Ka ci gaba da darussa masu wuya kafin ya kama, in ya kama ka riƙe awoyin bayan sahur.

Ita ma ƙungiyarmu, shugaba ya yi mini izini, kada ta zama hujjar faɗuwar kowa. Ɗan tarminal da aka ɗora wa shirya taro uku a wata, an zalunce shi, ko da shi ya nema. A sauke masa nauyi shekara guda. In ya samu bak, ƙungiya ce ta samu.

Satar amsa

Ba sai na karanto muku hukuncin ha'inci ba, ga malamai nan zaune, sun fi ni sani, ku ma kun sani. Ni ɓangaren makaranta zan faɗa. A aji, wanda aka kama sifiri ne, kuma ana iya kai shi gaban majalisar ladabtarwa. A ɗakin BEPC ko bak, ana soke jarrabawar mutum, ana iya hana shi sake zama na wasu shekaru. Salula haramun ce a ɗakin, samun ta a aljihunka kaɗai ya isa ya jawo maka, ko ba ka taɓa ta ba. Masu sayar da "tambayoyin gobe" a WhatsApp kuwa, kuɗinka suke so da daren da ya kamata ka yi barci.

Amma akwai asarar da ta fi wannan, wadda take samun wanda ba a kama ba. Antaro da dabuwar awon jiki ne, kamar yadda likita ke auna zafi. Wanda ya kwafi 12 alhali iyawarsa 6 ce, ya ɓoye wa malaminsa ciwonsa, ya ɓoye wa kansa. Da wannan 12 ta ƙarya za a tura shi serin da ba zai iya ɗauka ba, ya yi ta jan ƙafa har tarminal, inda za a zaunar da shi shi kaɗai a tebur, cikin baƙin fuskoki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara 6 ta gaskiya a watan Nuwamba, tana da magani.

Bak kanta

Tun watanni kafin jarrabawa ake ajiye dosiye. Ku duba takardunku da idonku, harafi bayan harafi. Sunan da ke takardar haihuwa ya zama shi ne a takardar BEPC da katin shaida. Mun san yadda ake rubuta suna guda iri uku a ƙasar nan, wani magatakarda ya sa Mahamadu, wani ya sa Mamman, wani ya juya ranar haihuwa. Gyaran wannan yana ɗaukar lokaci, wani lokaci har sai an je kotu, don haka a sagwand ake fara shi.

Jarrabawar tana da zagaye biyu. Wanda ya kai 10 a zagayen farko ya samu. Wanda ya kusa, ana ba shi damar zagaye na biyu, kuma kwanakin da ke tsakani kaɗan ne. Saboda haka in kun fito daga takardar ƙarshe, kada ku tattara kaye ku ba mai ƙosai, kada ku hau mota ku tafi ƙauye. Ku ci gaba da bita har a kira sakamako.

Sannan 10 da 14 duk bak ce, amma ba su kai mutum wuri ɗaya. Daga 10 fasabul ne, daga 12 ase biyen, daga 14 biyen, daga 16 tire biyen. Inda gurbi ya yi kaɗan masu nema suka yi yawa, kamar likitanci, ko tallafin karatu a ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko, makin ake jerawa daga sama. Wanda ya sa wa ransa 10, in ƙafarsa ta ɗan zame 9 zai samu. Ka nufi 13, in ta zame ka faɗa a 11.

Ƴan uwa mata, da baƙin gari

Ƙannena mata, dokokin nan ba su rage muku komai ba, kwafisan ɗinku da na maza ɗaya ne. Amma awoyinku ba ɗaya ba ne, don wanda ya dawo ya tarar da tuwo a rufe da wadda ta dawo ta hura wuta ba su fara bita lokaci guda. Iyayenmu mata, ku taimaka. Awa biyu da aka keɓe wa yarinya kowane dare, ba aike ba kira, suna iya zama bambancin 9 da 11. Ku kuma sani tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati ta kare yarinya mai karatu da tallafa mata don ta ci gaba da makaranta. In wata matsala ta taso, a je a yi magana da hukumar makaranta kafin a yanke shawarar zaunar da ita.

Waɗanda suka baro ƙauyukansu suna zaune gidan mai masauki, mun san halin da wasunku ke ciki: nisan hanya, yunwar rana, rashin wurin da za a buɗe kaye. Kada kunya ta sa ku yi shiru har majalisa ta zauna. Sansar da sirbeyan ba su san abin da ba a faɗa musu ba. Mu ma nan ba mu sani ba sai kun faɗa.

Abin da ya rage gare mu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ba kwamiti shawara uku, kuma ba mai cin kuɗi da yawa a cikinsu. Na ɗaya, a farkon kowace shekara a tara sababbin ƴan sagwand, a ɗauko dokar cikin gida ta makarantunsu da biltan na gaske, a karanta musu layi-layi da Hausa, tare da iyayensu in ya samu. Na biyu, kowane yayanmu da ke jami'a ko ya gama ya ɗauki ƙanne biyu ko uku, ya ga biltan ɗinsu na zangon farko da idonsa, su yi lissafin abin da ya rage tare. Na uku, a samu bango guda a shafa masa baƙin fenti, a sa fitila mai aiki da hasken rana da kwalin alli, ya zama wurin bitar ƴan unguwa, maza da lokacinsu, mata da nasu.

Ku kuma ƙannena, aikinku na daren yau ƙarami ne. Kowa ya ɗauko biltan ɗinsa na ƙarshe, ya sake lissafa mwayen ɗinsa da hannunsa, ya gano fannin da maki ɗaya a cikinsa ya fi tsada, ya rubuta ranar da awar da zai fara zama da shi. Wanda lissafin ya rikice masa, ina nan bayan an tashi, ya zo da takardarsa mu duba.

Allah ya buɗa muku ƙwaƙwalwa, ya sa albarka a karatunku, ya saka wa iyaye da malamai da alheri.